Tsutsar Cikin Kangaru: Kama da Wane Ba Ta Wane

A tumbin kangaru da walabi na Ostireliya akwai zuriyar tsutsa da masana ke kira Cloacina, wadda aka riga aka raɗa wa fiye da nau'i 100 nata suna. A ganina wannan adadi bai kai gaskiyar lamarin ba, domin yawancinsa da ido aka ƙirga shi, ta duban siffar baki da jela a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu.

Hujjata ita ce tsutsar hanji Hypodontus macropi. Shekara da shekaru ana ɗaukar ta nau'i guda mai shiga kowane kangaru. A 1992 Neil Chilton da Ian Beveridge da Ross Andrews suka gwada sinadaran jikinta, sai ga nau'o'i da dama masu siffa ɗaya, galibi kowanne da dabbar da yake bi. Binciken DNA da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan, haka kuma aka tarar a tsutsa mai faɗi Progamotaenia festiva da ke kwana a hanyar matsarmama.

An daɗe ana zaton duk sanda zuriyar dabba ta rabu, tsutsarta ma sai ta rabu tare da ita. Salsalar Cloacina ba ta goyi bayan haka ba sosai. Dabbobin da ke kiwo a fili ɗaya suna haɗiye 'ya'yan tsutsar juna a jikin ciyawa, wata ta kama sabon gida, a hankali ta zama nau'i na daban. Makiyaya, ashe, ta kan rinjayi dangantaka.

Masu shayarwa da ke yin ƙwai kuwa, wato platifus da nau'i 4 na ekidina mai ƙaya, an san kaɗan daga tsutsotsinsu, irin su Linstowia echidnae, amma gwajin DNA ɗinsu bai yi nisa ba.

Wani zai ce ina ruwan mai kare namun daji da tsutsa? Ruwansa shi ne, idan aka ɗura wa dabba magani kafin a sauya mata mazauni, ana iya shafe nau'in da ba ya rayuwa a cikin kowa sai ita. Kuma sai da gwajin DNA ake iya tantance 'yar gida da baƙuwa a wasu lokuta: Echinococcus granulosus, wadda ta shigo da tumaki da karnukan Turawa bayan 1788, ita ce ke cika huhun walabi da ƙulli har ya mutu.