Zaɓen Bijimi a Kudancin Damagaram

Zaɓen bijimin da zai yi wa garke barbara tsohon ilimi ne a kudancin Damagaram, ya riga sikeli da takarda shiga harkar kiwo. A yankin Yauri da Kance da Matamaye, inda manoma Hausawa da Fulani makiyaya suka daɗe suna cuɗanya, mai shanu yakan fara da ido: faɗin ƙirji, tsayuwar tozo, ƙarfin ƙafa. Amma asali ya fi rinjaye. Yakan bincika uwar san, yawan nononta, ko tana jera haihuwa, da yadda 'ya'yanta suke fita daga rani. Woɗaaɓe, masu jajayen shanun nan masu dogon ƙaho da ake kira Rahaji ko Bororo, sun yi nisa a wannan fanni. Maraƙa takan gaji sunan dangin uwarta, ana riƙe salsalar saniya a ka, kuma akan ari bijimi daga wani garke don kada jini ya yi kusa da yawa. Mazan da ba su cancanta ba sai a dandaƙe su, su zama takarkarai ko na kasuwa.

Zaɓe da rubutu ya shigo Nijar a zamanin mulkin Faransa. Tashar Tukunus da ke kusa da Filinge, wadda aka kafa a 1954, ta duƙufa kan shanun Azawak, ana auna nono da nauyi ana rubutawa, ana ware waɗanda suka fi. Bayan farin 1973 da 1974 da ya cinye garkuna, gwamnati ta buɗe cibiyoyin yaɗa iri, irin su Ibesetan a jihar Tawa, Fako a jihar Maraɗi, Bate a jihar Damagaram, da Sayam a jihar Difa inda ake adana shanun Kuri na tafkin Chadi. A Najeriya kuma gonar Shika ta kusa da Zariya, da aka fara a 1928, ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a 1976, inda aka yi aiki mai tsawo kan fararen shanun Bunaji.

Hasashen gado na zamani yana da nasa tarihin. A ƙarni na 18 wani manomi a Ingila, Robert Bakewell, yakan ba da hayar raguna da bijimai ga maƙwabta don ya ga irin 'ya'yan da za su haifa kafin ya yanke hukunci a kansu. A tsakiyar ƙarni na 20 Charles Henderson na jami'ar Cornell a Amurka ya fito da lissafin da ke raba abin da dabba ta gada da abin da kiwo ya ba ta. Ana tattara nauyinta ranar haihuwa, da lokacin yaye, da cikar shekara, a haɗa da na iyayenta da 'yan'uwanta da 'ya'yanta, a cire tasirin abinci da yanayi. Abin da ya rage shi ne adadin da ke nuna kilo nawa ake sa ran maruƙan wannan sa za su ɗara na wani. Wannan rabewa ita ce ido ba ya iyawa, domin sa mai ƙiba a gidan mai dusa yana iya zama maras asali. A 2001 masana Meuwissen da Hayes da Goddard suka nuna cewa ana iya yin hasashen daga ƙwayoyin halitta, kuma a 2009 Amurka ta fara amfani da shi a hukumance kan shanun nono. Yanzu gashin wutsiyar maraƙi ya isa a yi gwajin. Sai dai lissafin ba ya aiki sai an riga an auna dubban shanu na irin da ake gwadawa, don haka adadin da aka samo daga shanun Turai ba ya faɗin gaskiya game da Azawak ko Gudali.

A Yauri yau ƙasa ta yi ƙaranci, gonaki sun cinye mafi yawan makiyaya, kiwo ya koma cikin gida. Magidanci yakan sayi ɗan sa, ya yi noma da jan amalanke da shi, sannan ya turke shi da harawa da dusa da 'ya'yan gawo, ya kai shi kasuwa irin ta Maimujiya, daga nan dillalai su wuce da shi Daura da Kano. Ribar a fili take, amma akwai asara a ɓoye: san da ya fi saurin girma shi ne yake fara isa hannun mahauta, sau da yawa bai bar ɗa ko ɗaya ba. Shanun da ke fita kiwo tare kuwa, duk san da ya samu shi ke hawansu. Rigakafin dabbobi ya kai ƙauyuka, amma lambar kunne da sikeli da littafin haihuwa, waɗanda kowane hasashen gado ya dogara da su, har yanzu sun fi yawa a tashoshin gwamnati da ayyukan tallafi.