Daga Mayo Zuwa Jesi

A kolejinmu na Magariya ba wanda ya rubuta tarihin rigar ƴan ƙwallo, sai abin da na ji a bakin magabata. Yayana ya ce a zamaninsu ɓangare ɗaya kan tuɓe riga, shi ke nan an bambanta. Daga baya gwanjon Ƙofar Wambai ya shigo ta Baɓura, wannan Chelsea, wancan Barcelona. Da Mena ta je gasar Afirka a 2012, muka yi karo-karo aka ɗinko mana ruwan goro irin na tutarmu. Malamanmu "mayo" suke cewa, aron Faransanci. Mu da ƴan Dungas kuwa "jesi" muke cewa, tsarabar Kano. To, rigunan duk sun yage. Kalmomin nan biyu kaɗai suka rage mana shaida.