Tarihin Mako: Laifin Wa Ne Tsadar Fetur A Amurka?

Jama'a, a Yulin 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka. 'Yan Dimokurat suka ce laifin Shugaba Bush ne da aminansa masu kamfanonin mai. Kafin shekarar ta ƙare farashi ya faɗo ƙasa da dala 2, ba don dabarar Bush ba, sai don tattalin arzikin duniya ya durƙushe, masu sayen mai suka ragu.

A Yunin 2022 galan ya kai dala 5. Wannan karon 'yan Rifablikan suka ɗora wa Biden, shi kuwa ya nuna Putin da yaƙin Yukren.

Laifi tudu ne. Kasuwar ɗanyen mai ta duniya ke yanka farashi, direba ke biya.