Wayar Kurame: Tarihin Hidimar da Masu Biyan Kuɗinta

Wayar kurame ita ce duk wata dabara da ke bai wa kurma ko bebe damar kiran mai ji, ko amsa kiransa, ba tare da ya roƙi ɗan'uwa ko maƙwabci ya riƙe masa waya ba. Tarihinta rabi na na'ura ne, rabi na kuɗi. Kiran kurma yakan buƙaci mutum na uku a tsakiya, shi kuwa wannan mutumin albashi yake ci.

Mafari

Alexander Graham Bell, wanda aka bai wa takardar mallakar fasahar tarho a 1876, malamin kurame ne, matarsa Mabel ma kurma ce. Duk da haka tarhon ya shafe kusan shekara 90 bai tsinana wa kurma komai ba. Sai a 1964 wani kurma masanin kimiyya a Amurka, Robert Weitbrecht, ya ƙera abin da ke haɗa tafireta da layin tarho: ka buga rubutu a nan, ya fito a takarda a can. Kurame suka riƙa tattaro tsofaffin injinan da kamfanoni suka yasar suna gyarawa. Amma kurma ɗan'uwansa kurma kawai yake iya kira. Likita da kanti da ofis ba su da injin.

Daga nan aka samu masu shiga tsakani. Mutum ya zauna da tarho biyu, ya karanta wa mai ji abin da kurma ya rubuta, ya rubuta wa kurma abin da mai ji ya faɗa. Da fari 'yan sa-kai da ƙungiyoyin taimako ne suka ɗauki nauyin, kuma aikin sa-kai ba ya jure kiran tsakar dare.

Shigar doka

A ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George Bush na farko ya sa hannu kan dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka, wadda ta wajabta wa kamfanonin tarho samar da wannan hidima. A 1993 aka kafa asusun da kamfanonin ke zuba wani kaso na cinikinsu a ciki, ana biyan masu shiga tsakani gwargwadon mintocin da suka yi. Hujjar ba ta sadaka ba ce: kurma ya biya kuɗin kira daidai da kowa, kuɗin tafinta kuwa a raba shi a kan duk masu waya, tunda mai ji ma yana amfana idan kurma ya same shi. Birtaniya ta buɗe tata hidimar, Typetalk, a 1991, Ostareliya a 1995. Suwidin ta fara tafinta ta bidiyo a 1997, inda kurma ke magana da hannu maimakon rubutu. Biyan kuɗi da minti yana da tasa ɓarakar: a 2009 an gurfanar da mutum 26 a Amurka bisa zargin ƙirƙirar kiran bogi don tatsar asusun.

A Najeriya

A zamanin NITEL maganar ba ta taso ba, don layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, mai ji ma jiran samun layi yake. Abin ya sauya a watan Agusta na 2001 da MTN da Econet suka fara aiki. Saƙon tes, wanda ba don kurame aka yi shi ba, shi ne ya zame musu wayar farko.

Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi Asusun Isar da Sadarwa ga Kowa, wato USPF, a ƙarƙashin hukumar NCC, kuma ya fara aiki a 2006. Kuɗinsa mafi yawa daga harajin shekara ne da kamfanonin waya ke biyan hukumar, kenan tushensa ɗaya da na Amurka. Inda suka rabu shi ne wajen kashewa. Asusun ya fi karkata ga kafa turakun sadarwa a karkara da cibiyoyin kwamfuta a makarantu. Kason nakasassu ya zo ne ta hanyar raba kwamfutoci da na'urorin taimako ga makarantu da cibiyoyinsu. Kaya ake saya a ƙaddamar, ba a ɗauki tafintan da zai zauna yana jiran kira ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa, aka naɗa James Lalu, wanda shi kansa kurma ne, babban sakatarenta na farko. Duk wannan bai haifar da hidimar shiga tsakani ta ƙasa baki ɗaya ba.

A ƙasar Hausa

Kurumta a Arewa ba baƙuwa ba ce. Sanƙarau da ƙyanda suna barin yara da ita, kuma a 2025 ma sanƙarau ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Kuramen Hausa suna da harshensu tun da daɗewa, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Makarantu irin su Tudun Maliki a Kano da A. A. Raji a Sakkwato kuwa sun fi koyar da alamomin da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960.

A nan ne lissafin ke ƙara wuya. Kurman da ya taso a Maruda ko wani ƙauyen Kalgo bai shiga makarantar kurame ba, saƙon tes ba ya yi masa amfani, don ba ya karatu. Tafintan da ya koyi alamomin makaranta kaɗai ma ba lalle su fahimci juna ba. Abin da ya dace da shi kiran bidiyo ne ta WhatsApp, shi kuwa yana buƙatar babbar waya da caji da sabis mai ƙarfi, ga cin data fiye da kiran murya. Wanda bai da wannan, sai ya koma ga yaron gida ya kira masa, ko da maganar ta asibiti ce ko ta bashi, wadda ba ya son kowa ya ji.

Tailan ta nuna cewa ba sai ƙasa ta kai Amurka arziki ba: tun 2011 take gudanar da tafinta ta bidiyo da kuɗin irin wannan asusu na hukumar sadarwarta. A Najeriya asusun yana nan, dokar tana nan, amma kuɗin kiran kurma har yau daga aljihunsa yake fita.