Jikin Kabad da Fuskarsa: Abin da Na Gani a Sana'ar Kafinta a Kakuri

Sa'ad da mahaifina ya damƙa ni ga maigidana a Kakuri domin in koyi kafinta, kicin mai kabad bai zama ruwan dare ba, domin iyayenmu mata murhu da tukwane da ragaya suka sani, alhali kabad ɗin da ake kafawa jikin bango sai a gidajen da Turawa suka bari da na manyan ma'aikatan jirgin ƙasa. Abin da ya shigo da shi gidajen talakawa shi ne albashi. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, a zamanin Sardauna, Nortex da Arewa da UNTL suka biyo bayanta, daga bisani kuma kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a 1975, sai ma'aikaci a Makera ko Nasarawa ko Barnawa ya ga lalle iyalinsa ma sun cancanci wurin adana kwanuka.

Aikin wancan zamani, bilhaƙƙi, aiki ne na masu tsoron Allah. Da maɗaci ko loko muke haɗa jikin kabad, bayan katakon ya shekara a inuwa yana shan iska, sabili da wanda duk ya yi gaggawar aiki da ɗanyen katako, hunturu zai tona masa asiri, ƙofa ta kantare, damina kuma ta kumbura ta har ta ƙi rufuwa. Bayan kabad ɗin da ƙofofinsa da filawud ɗin Sapele muke yi, mu shimfiɗa Formica a sama. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan shinshina katako kafin ya ɗora masa zarto.

Canza ƙofofi kaɗai, a bar jiki yadda yake, talauci ne ya koya mana shi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 katako ya yi tsada, masaƙu suka shiga durƙushewa har KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, mai gidan da a da zai ce a rushe a sake ya koma tambayar abin da za a iya cetowa. Fitinar shekarar 2000 ma, wadda ba na son tunawa da ita, ta sa gidaje da yawa sun canza hannu a unguwanninmu, uwargidan da ta tare kuwa ba ta son fuskar kicin ɗin wata. Sai muka lura cewa jikin da muka haɗa shekaru ashirin ko talatin baya yana nan daram. Ƙofofi da fuskokin durowa da mariƙai su ne maiƙo da tururi da hannun yara suka cinye.

A nan ne amana take, kuma a nan nake saɓa wa wasu samarin kafintoci. Wajibi ne kafin a auna ƙofa a durƙusa a duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda ruwa yake fara ruɓar da katako, a ƙwanƙwasa ƙafafu ko gara ta shiga, domin ɗora sabuwar fuska a kan ruɓaɓɓen jiki algus ne, ko da mai gida bai gane ba sai bayan damina biyu. Kowace ƙofa kuma awonta daban, tun da tsofaffin kabad ba a kan ma'auni ɗaya muka yi su ba; a bar tazarar milimita biyu ko uku tsakanin ƙofa da 'yar'uwarta, a huda ramin milimita 35 na ɓoyayyen hinjin zamani.

Allunan garin katako da ake shigowa da su yanzu daga Sin da Turkiyya suna da sheƙi, ba na musu, sun kuma dace da ƙofa matuƙar an rufe bakinsu da kyau, amma ruwa na taɓa cikinsu sai su kumbura kamar burodi. Watan jiya a Barnawa na cire ƙofofi goma sha ɗaya daga wani kabad, na tarar da alamar fensirin maigidana a jikin maɗacin, ƙusar farko da na gwada bugawa kuwa lanƙwashewa ta yi.