Ruɗewar hankali bayan shan ƙwayoyin ƙara kuzari: matakan farko ga dangi

Ƙwayoyin ƙara kuzari magunguna ne da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, su kore barci da yunwa. Likitoci kan rubuta wasunsu, irin su Ritalin, ga masu larurar kasa natsuwa ko cutar yawan barci. Captagon ma da haka ya fara a Jamus a 1961, kafin a haramta shi a shekarun 1980. Wanda ake sayarwa a ɓoye yanzu galibi amfetamin ne gauraye da kafeyin. Tramol kuwa, ko da yake ana shan sa don kashe gajiya, ba ya cikin wannan rukuni: maganin ciwo ne, kuma yawansa kan jawo jijjiga da tsayawar numfashi.

Idan sha ya wuce kima, mutum kan kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ya yi ta surutu ba kai ba gindi, yana jin muryoyi ko zargin ana bin sa. A gidaje da yawa nan take sai a ce iska ce. Addu'a ba laifi ba ce, amma kada ta jinkirta zuwa asibiti.

A sallami 'yan kallo, a kawar da wuƙaƙe da sauran ƙwayoyin. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna ɗan nesa, yana magana a hankali. Kada a yi masa gardama kan abin da yake gani, kada kuma a gaskata masa, ya isa a ce, "Na ga kana cikin tsoro, ina tare da kai." Duka da ɗauri kuskure ne babba, domin kokawa na ƙara zafin jiki, ta wahalar da zuciyar da dama take gudu.

Ciwon ƙirji, zafin jiki mai tsanani, jijjiga ko suma, duk na gaggawa ne. A tafi da kwalin maganin, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha. Kunya a nan tana iya cin rai.

Haɗari bai ƙare da lafawar ruɗewar ba. Kwanakin da ke biyo baya kan zo da barci mai nauyi da baƙin ciki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, a koma asibiti a ranar.