Wasan Kwaikwayo a Matsayin Magani: Tsakanin Samaru da Janin

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suka san cewa wasa yana warkarwa, domin kiɗan garaya da rawar 'yan bori hanya ce ta kwantar da hankalin wanda ya rikice, ko da yake malamai sun yi tir da ita. Wasan kwaikwayon zamani kuwa wata hanya ya bi. A 1977 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin malamai irin su Michael Etherton, suka fita daga Samaru suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba. Abin da ya dame su shi ne taki, da gona, da zaluncin dillalai. Damuwar zuci ba ta sami gurbi sosai ba.

A sansanin 'yan gudun hijira na Janin, a Falasɗinu, nan ne aka ɗauki wannan ɓangare. Arna Mer-Khamis ta kafa wa yaran da tashin hankalin 1987 ya firgita dandali, inda suke kwaikwayon abin da suka gani har tsoro ya sami baki. Sojojin Isra'ila sun rushe shi a 2002. Ɗanta Juliano ya sake kafa wani a 2006, aka harbe shi a ƙofarsa a 2011. Da yawa daga yaran farko ma ba su rayu ba.

Yaran tashar Kwangila, 'yan kamasho da almajirai, tazarar 'yan mil ke tsakaninsu da dandalin Samaru, amma har yanzu an fi sa su cikin wasa a matsayin matsala, ba 'yan wasa ba.